Tayil na hannu da ragowar kayan daɓe a Legas: tambayoyin da ake ta maimaita min

Salamu alaikum. Na daɗe ina harkar sa tayil tsakanin Agege, Mile 12 da Idi-Araba, kuma tunda kayan gini suka yi tashin gwauron zabi kusan kullum sai wani ɗan'uwa ya kira ni, wai an masa tayin ragowar tayil da araha ko ya saya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi yasa nace bari in tara su waje guda. Ban sa farashi ba da gangan, domin abin da aka sayar maka yau ba shi za ka ji sati mai zuwa ba, dala ce ke jan komai.

Wai meye bambancin ragowa da na hannu, ba duk ɗaya bane?

Ba ɗaya bane, kuma daga nan ake fara cutar mutane. Ragowa sabon kaya ne da ba a taɓa sa shi a ƙasa ba, wani ya sayi katan ɗari aikin ya ci tamanin da biyar, ko kuma mai shago kamfani ya daina yin wannan zanen yana so ya rabu da ɗan abin da ya rage masa ya samu wajen sabon kaya. Na hannu kuma shine wanda aka taɓa shimfiɗawa aka taka, daga baya aka ɓamɓaro shi, ko an rushe gidan ko mai gidan ya canza ra'ayi.

Akwai na uku da mutane basu cika sani ba, wato wanda kamfani ya ware tun daga wajen gasawa saboda ɗan aibi, ko ya ɗan lanƙwashe ko kalar ta ɗan kauce ko akwai tabo a fuska. Shi ma sabo ne a katan, amma mai sayarwa bazai taɓa ce maka mai daraja ta biyu bane sai ka tambaya. Idan zan jera maka, ragowar aiki ce a gaba, sai ƙarshen kayan shago, sai na biyun kamfani, wanda aka ɓamɓaro shine na ƙarshe sai dai in dutsen mabul ne ko giranayit, zan yi bayani a amsar siminti a bayan tayil.

Ina ake samunsu a Legas?

Babbar matattarar tayil ita ce kasuwar Odunade da ke Coker wajen Orile, a nan manyan dilolin suke, na waje irin na Sifen da Italiya da Sin da Indiya, da na gida da ake yi a masana'antun Ogun da na Ajaokuta a Kogi. Kar ka tsaya a abin da aka jera a bakin shago, ka ce musu ragowa kake nema, katan goma ko sha biyar da suka maƙale a sito, yawanci yaran shago ne suka fi sanin inda suke. Harkar katako kuma Mushin ce, kasuwar Amu.

Amma gaskiya hanyar da tafi ita ce ta masu aikin kansu, birkila da mai sa tayil da lebura, su suka san inda aka gama gini aka bar kaya a jibge. Sai 'yan'uwanmu 'yan bola, duk inda ake rusau suna wajen tun kafin ƙura ta kwanta, duk da dai su ƙarfe da waya suka fi damuwa da su. Akwai kuma shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook, ana sa kaya sosai, sai dai kar ka tura ko sisi sai ka je ka gani da idonka ka ƙirga da hannunka, hoto baya nuna tsagewa.

Da gaske akwai sauƙi ko dai wahalar banza ce?

Akwai sauƙi in aikin ƙarami ne, ɗaki ɗaya, shago, kicin, banɗaki, baranda. In gida guda ne kake so falo da ɗakuna duk su zama iri ɗaya, toh ka haƙura ka sayi sabo, don da wuya ka samu ragowar da zata kai.

Kuma kar kuɗin katan ya ruɗe ka, ka haɗa da kuɗin mota, kuɗin lodi, la'adar wanda ya kai ka, abin da zai fashe a hanya, sannan mai aiki zai ƙara maka kuɗi in kayan na buƙatar kankara ko tantancewa domin yini guda na iya tafiya a nan kawai. Siminti da yashi kuwa babu ruwansu da tayil ɗinka sabo ne ko tsoho, kuɗinsu ɗaya. Ni dai in na haɗa lissafi naga ragin bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo ba, bana ba mutum shawarar ya shiga.

Guda nawa zan saya, yaya ake lissafin?

Wannan ita ce tambayar da nafi so mutum ya riƙe, saboda sabon kaya in ya gaza gobe ka koma shago ka ƙaro, ragowa kuwa in ta ƙare ta ƙare kenan, ko ka zagaye Orile kaf da wuya ka samu ɗan'uwanta. Na sha ganin ɗaki an kai lungun ƙarshe saura guda biyar, aka cike da wata kala daban, mai ɗakin ya jawo gado ya rufe wajen, shikenan gadon nan ba zai ƙara matsawa ba har ya tashi daga gidan.

Ka ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka su. Ɗakin da muke ce ma sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 ta kowane gefe, mita 3.66 ne sau 3.66, ya kama sukwaya mita 13.4. Tayil mai santimita 60 da 60 kowane guda ɗaya yana rufe sukwaya mita 0.36, kaga kana buƙatar guda 38 kenan in babu wanda ya fashe kuma babu yanka, abin da baya taɓa faruwa. Katan ɗinsa yawanci guda 4 ne, wato 1.44. In ragowa ce sabuwa ka ƙara kashi 10 cikin ɗari, sai ka sayi katan 11. In wanda aka ɓamɓaro ne ka ƙara kashi 20, wajen guda 45. Mai 40 da 40 kuwa guda ɗaya 0.16 ne, ɗakin zai ci 84 kafin ƙari. Adadin da ke cikin katan yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ka karanta a jikin kwalin sannan ka buɗe ka ƙirga, katan ɗin ragowa sau da yawa an zare ɗaya an mayar da salatif.

Kar ka manta da sikatin, wanda ake zagaye gindin bango da shi, shi ma daga cikin kayan ake yanka shi. Kuma ka ajiye guda uku ko huɗu a ƙarƙashin gado saboda ranar da turmi ko tukunyar gas zata faɗi.

Ta yaya zan gane mai kyau tun a wajen saye?

Ka riƙe shi ta gefe ɗaya ka ƙwanƙwasa da makulli. Mai lafiya zaka ji ƙara tas kamar ta kwano, wanda ya tsage a ciki kuwa ƙarar a dushe take ko da idonka bai ga komai ba. Sannan ka haɗa guda biyu fuska da fuska, in suna rawa ko kana hango haske ta tsakiya toh a lanƙwashe suke, in aka shimfiɗa bakin ɗaya zai fi ɗaya tudu kullum kana tuntuɓe. Ka jera goma a tsaye ka shafa samansu da tafin hannu, nan zaka ji in wani ya fi wani girma.

Sai gwajin ruwa, ka juya bayansa ka ɗiga ruwa kaɗan. Seramik na yau da kullum zai shanye nan take, fosilin na gaske kuwa, wato tayil ɗin da ya fi seramik tauri, ruwan zai zauna a kai domin abin da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da yawa ana sayar da seramik da sunan fosilin, wannan gwajin ke tona su. Kuma dan Allah ka duba kar a baka na bango a matsayin na ƙasa, na bango ya fi sirara da rashin nauyi, ba a yi shi don a taka ba, wata biyu zai fara fashewa.

Zane ɗaya ne amma da aka shimfiɗa kala ta bambanta, me ya jawo?

Ba gashi ɗaya bane. Tayil gasa shi ake a wuta, kuma kowane zubi yana fitowa da ɗan bambancin kala da girma ko da kamfani ɗaya ne zane ɗaya, shi yasa a jikin kwali zaka ga lambar zubi da lambar kala. Ragowa kuwa sau da yawa tattaro ta ake daga wurare biyu uku. In lambobin sun bambanta ba wai kayan ya lalace ba, mafita biyu ce, ko ka raba kowace lamba da ɗakinta, ko ka ce ma mai aiki ya buɗe katan ɗin duka ya cakuɗa su yana ɗauko ɗaya nan ɗaya can, sai bambancin ya watsu ya zama kamar haka zanen yake. Abin da ke muni shine rabin falo haske rabi duhu da layi a tsakiya. In girman ne ya ɗan bambanta, a buɗa tsakaninsu kaɗan, cikon zai ɓoye.

Wanda aka ɓamɓaro da siminti a bayansa fa, zai sake kamawa?

Zai kama in an kankare shi, matsalar kankarar ce. A nan ƙasar da siminti da yashi muke kafa tayil, in aikin farko mai kyau ne toh simintin ya zama jiki ɗaya da shi, seramik siriri kafin ka raba su rabi ya tafi. Abin dariya, wanda ya fito salin alin yawanci daga aikin algus ya fito, inda aka yi rowar siminti. Idan kaga bayan kusan fes yake, ka saya. Idan kaga dunƙulen siminti mai kaurin yatsa biyu, ka barshi sai dai in fasasshe kake so.

Mabul da giranayit labarinsu daban, suna da kauri suna jure injin giranda, kuma ko fuskar ta dushe ana goge ta da inji ta dawo tana sheƙi. Irin waɗanda ake cirowa daga tsoffin gidajen Ikoyi da Ikeja ko matakalar bankuna in ana gyara, in ka dace da su kar ka yi wasa, ko teburin kicin ka yi da su ka ci riba. Wajen kankara a riƙa zuba ruwa, dalilin yana cikin amsar lafiya a ƙasa.

Ance fasasshen tayil ma ana aiki da shi?

Sosai ma, kuma ni a ganina shine arahar da babu nadama a cikinta. A buhu ake sayarwa, wani wajen ma kyauta za a ce ka kwashe. Ana jera gutsattsarin kala kala a tsakar gida, bakin shago, wajen wanki, kan rijiya ko bakin famfo, ruwa baya damunsa kuma yawan layukan siminti na rage santsi. Sai dai yana cin lokaci da siminti, kuma ka tabbata mai aiki ya danne bakunan sun yi daidai, don bakin fasasshen tayil reza ne, yara kuma babu takalmi suke yawo.

Zan iya sa kowanne a banɗaki ko wajen alwala?

A'a Alhaji. Mai sheƙin nan na falo in ruwa da sabulu suka hau shi ko matashi sai ya yi da gaske, balle dattijo da ya fito alwalar asuba. Wajen ruwa mai kaushi ake sa wa, ka jiƙa shi ka goga tafin hannu tun a kasuwa, in hannun ya zame ka ajiye. Ƙanana sun fi manya a banɗaki, saboda sun fi sauƙin bin gangara zuwa makwarara.

Wannan ya shafi masallatan unguwa sosai, domin sau da yawa wani bawan Allah ne zai kawo ragowar gidansa sadaka, Allah ya saka masa, amma kwamiti su duba kafin a sa. Mai santsin ya shiga ciki inda za a shimfiɗa darduma a kai, wajen alwala da matakala a nemo mai kaushi ko fasasshe.

Katako, laminet, kafet da leda na hannu fa?

Ka fara tuna garin da kake. Legas danshi ne da ita ko ba damina, in ruwa ya kankama daga watan huɗu zuwa na bakwai kuwa kowa ya san yadda Lekki da Ajah da unguwannin bakin kwata suke komawa. Laminet garin katako ne aka matse, da zarar ruwa ya shiga bakinsa ya kumbura kenan baya komawa, kuma haƙoran da ke haɗa shi suna karyewa wajen cirewa, don haka na hannu a ɗakin ƙasa ban yarda da shi ba. A saman bene in ragowa ce sabuwa, babu laifi.

Tsohon katakon daɓe na gaske, ƙananan yankan nan na iroko ko mahogani da ake samu a tsoffin gidajen Yaba da Surulere, wannan kaya ne, in an goge aka shafa mai sai ka rantse sabo ne. Ka duba ƙananan huji da garin katako, alamar ƙwaro ko gara, kuma yawanci akwai baƙar kwalta a bayansa da sai an kankare. Kafet ɗin ofis mai yanka-yanka 50 da 50 yana da kyau a shago ko ɗakin gwauro, in guda ya lalace ka cire shi kaɗai. Babban kafet na hannu kuwa ka sunsuna, in yana warin ruma ka gudu, ka kuma duba kuɗin cizo a bakin ɗinki. Leda bata da tsadar da za a sayi tsohuwa, ka nemi ƙarshen nadi a wajen masu sayarwa.

Intalok da tarazo?

Intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a tsakar gida, shi yafi komai daɗin sake amfani, a kan yashi yake zaune, ɗagawa kawai ake a wanke a sake jerawa. Mai kaurin milimita 60 ya isa tsakar gida da ƙaramar mota, inda babbar mota zata shiga sai mai 80. Ka buga biyu da juna, wanda ke zubar da gari ba a sa masa siminti sosai ba. Tarazo kuwa, wato daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa ya yi sheƙi, a wajen ake zuba shi, baya ciruwa. In ka shiga gida ka tarar da shi kar ka fasa don ka sa tayil, kira mai injin guga ya wanke maka.

Akwai wani haɗari ga lafiya?

Akwai guda biyu. Na farko ƙurar yanka, tayil da giranayit da siminti in aka yanka su a bushe farar ƙurar nan tana zama a huhu, shekara da shekaru sai ta zama ciwon da baya warkewa, kuma ɗaure hanci da tsumma baya tare ta. A yanka da ruwa, a waje, yara su yi nisa.

Na biyu tsoffin tayil ɗin roba ƙanana masu inci 9 da 9 da ake gani a gine-ginen da aka yi kafin shekarun 1980, tsoffin ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata. Da yawansu da baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsu akwai asbesto a ciki, wanda shaƙar ƙurarsa ke kawo kansar huhu. Ko kyauta aka baka kar ka karɓa, in kuma a ɗakinka yake kar ka kankare shi ko ka goge da inji, a rufe shi da sabon daɓe a kai.

Yaya zan kauce ma kayan sata?

Ka tambayi mai kayan waye, kuma ka yi magana da shi kai tsaye ko da ta waya ce. Da yawan masu gadin gine-gine a Legas mutanenmu ne, kuma abin da na sha gani shine wani ma'aikaci zai ce ma maigadi oga yace a sayar, a ba shi ɗan na goro ya buɗe ƙofa, ranar da mai gini ya ƙirga kaya maigadin za a fara kamawa, sannan a biyo wanda ya saya. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina zirga-zirga saboda katan shida da wani ya haɗa ni da su, da ƙyar Allah ya fitar da ni saboda ina da saƙon da muka yi da shi a waya.

Duk cinikin da aka ce sai da daddare za a fito da kaya, ko farashin ya faɗi ƙasa da hankali, ka barshi. Ka karɓi rasit ko rubutu a takarda mai ɗauke da adadi da kwanan wata, ka biya ta banki don shaida ta zauna. Takardar nan zata maka amfani a hanya ma in an tare motar.

Gidan haya nake, ya dace in kashe kuɗi?

Ka fara sanar da mai gida, kuma ku rubuta ko za a cire maka daga kuɗin haya, don duk abin da ka kafa da siminti ya zama nasa. In bai yarda ba ka tsaya a abin da zaka naɗe ka tafi da shi, leda ko kafet mai yanka-yanka da na ambata a sama.

Yaya ake ɗaukowa, kuma zan iya aikawa gida Arewa?

A tsaye ake jera tayil, a kan gefensa, a matse su da juna da kwali a tsakani. In ka kwantar da shi ka ɗora wani a kai, ramin farko da motar ta faɗa na ƙasan sun tafi. Nauyi ne da shi fiye da yadda ake zato, katan ɗin 60 da 60 ya haura kilo 20, katan sha ɗaya sun fi ƙarfin Keke, ka nemi a-kori-kura, kuma ku gama magana da direba a kan wa zai biya 'yan tasha da masu lodi tun kafin a ɗora, in ba haka ba a bakin kasuwa za a yi ta cacar baki kaya na kan mota.

Batun aikawa gida, eh ana yi, motocin da suka sauke tumatir da albasa a Mile 12 ko shanu a Oko-Oba suna komawa da sarari, ana samun sauƙi a wajensu. Amma tafiyar Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ce, kuma direba bazai biya ka abin da ya fashe ba. Kafin ka ɗora ka sa wani ya tambayo maka farashi a Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei in Abuja ta fi maka kusa, sau da yawa seramik na gida in ka haɗa kuɗin mota duk ɗaya ne. Abin da ya cancanci wannan tafiyar mabul ne da giranayit da fosilin na waje, shi ma ka ƙara katan ɗaya ko biyu a kan lissafin da muka yi a amsar awo, ka rubuta suna da lambar wanda zai karɓa a jikin kowane kwali da maka.